Dala Ɗaya Da Sent Goma: Tarihin Harajin Baƙin Huhu A Amurka

A ƙasar Amurka, duk tan ɗaya na kwal da aka haƙo daga ramin ƙarƙashin ƙasa aka sayar a cikin gida, sai kamfanin da ya haƙo shi ya biya gwamnatin tarayya dala ɗaya da sent goma. In kuwa daga buɗaɗɗen fili aka kwaso shi, rabin haka ake biya, wato sent 55. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba, amma ko an canza kuɗin zuwa sefa bai cika jika guda ba. Ana tara shi ne a cikin asusu guda, wanda aka keɓe domin biyan diyya da kuɗin magani ga mahaƙan da ƙurar kwal ta cinye wa huhu, da kuma iyalan waɗanda cutar ta riga ta kashe.

Abin da ya ja hankalina ga tarihin wannan haraji shi ne, an kafa asusun tun 1978, a ƙasar da ta fi kowace ƙasa arziki, amma har yau bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba. Bashin da ke kansa ya haura dala biliyan 6. Na so in san yadda aka yi ɗan kuɗin da bai kai jika ba ya zama abin ja-in-ja na shekara arba'in da ɗoriya.

Kwal ɗin da nake magana a kai shi ne gawayin ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Anu Araren kusa da Cirozerin, ko wanda aka daɗe ana haƙowa a Inugu. Idan ana sarar sa a cikin rami, ƙura takan tashi. Mai kaurin cikinta hanci da maƙogwaro suna tare ta, mutum ya yi kaki ya tofar. Wadda ido ba ya gani ita ce ke wucewa har ƙarshen huhu, ta zauna. Jiki yakan yi ƙoƙarin cinye ta ya kasa, sai ya kewaye ta da tabo. Shekara da shekaru tabon yana ƙaruwa, kuma ga wasu sai ya haɗe ya zama manyan dunƙule masu tauri, huhun ya daina buɗewa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaga ƙarfe sai ya wayi gari ba ya iya taka matakala uku sai ya huta. Ba ta da magani, kuma barin aikin ba ya hana mai tsananinta ci gaba. Mahaƙan da kansu ne suka yayata sunan da ya bi ta: baƙin huhu.

Cutar ba sabuwa ba ce. Tun 1831 wani likita a birnin Edinbara, James Gregory, ya rubuta bayanin huhun wani mahaƙi da ya tarar baƙi ƙirin bayan ya mutu. Duk da haka aka shafe fiye da ƙarni guda ana musu. Manyan likitoci sun tsaya kai da fata cewa ƙurar dutse ce kaɗai mai illa, ta kwal kuwa ba komai, har wasu na cewa tana kare mutum daga tarin fuka. Numfashin da ke sarƙe tsofaffin mahaƙa aka sa masa suna asmar mahaƙa, aka ɗauke shi kamar furfura, abin da ke zuwa da shekaru. Birtaniya ce ta fara sakkowa, bayan binciken da aka yi a ramukan kudancin Wels, ta amince da biyan diyyar cutar a 1943. Amurka sai da ta ƙara shekara 26 kafin gwamnatin tarayyarta ta yarda. Ban ɗauki wannan jinkiri a matsayin jahilci ba. Amincewa da cuta yana nufin amincewa da bashi, kuma kowa ya san wanda za a bi.

A cikin waɗannan shekaru ma ƙurar ƙaruwa ta yi. Daga ƙarshen shekarun 1940 aka shigo da manyan injuna masu haƙora da ke gurzar kwal ba tsayawa. Aiki ya yi sauri, ma'aikata suka ragu daga sama da 400,000 a 1950 zuwa ƙasa da 150,000 a ƙarshen shekarun 1960, waɗanda suka rage kuma suka riƙa shaƙar ƙurar da kakanninsu masu diga da shebur ba su taɓa gani ba. Ƙungiyar ƙwadagonsu, UMWA, ƙarƙashin John L. Lewis, ta amince da injunan. A nan akwai wani abin lura. Tun 1946 ƙungiyar ta samu asusun jinya da fansho wanda kamfanoni ke zuba wa sent 5 a kan kowane tan, kuɗin da ya kai sent 40 a 1952. Asusun ya gina asibitoci, ya yi alheri mai yawa. Sai dai ya ɗaure ƙungiyar da igiyar talala: duk abin da zai rage yawan tan, ko da yaƙi da ƙura ne, zai rage kuɗin asusun. Wannan dabara ta ɗora kuɗin jinya a kan tan ita ce gwamnati za ta ara daga baya, tare da aibinta.

Da asubahin ranar 20 ga Nuwamba, 1968, ramin kwal mai lamba 9 na kamfanin Consolidation ya fashe a kusa da garin Farmington, jihar Bajiniya ta Yamma. Mutum 99 ne a ciki, 21 suka fito. Bayan kwana goma wuta ta ƙi mutuwa, aka toshe bakin ramin da mutum 78 a ciki, kuma 19 daga cikinsu har yau ba a samu gawarwakinsu ba. Gidajen talabijin sun yi kwanaki suna nuna hayaƙi yana tashi, mata suna jira. Shugaban ƙungiyar ƙwadagon na lokacin, Tony Boyle, ya zo wurin, maimakon ya zargi kamfanin sai ya yaba masa a kan kula da lafiyar ma'aikata. Fashewar rami daban, baƙin huhu daban, amma a zukatan mahaƙa abin ya haɗu: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma wanda suka ɗora ya tsaya musu yana gefen gardi.

Akwai likitoci uku da suka riga suka fara yawo garuruwan mahaƙa suna wa'azin ƙura: I. E. Buff, likitan zuciya a Charleston, da Hawey Wells, da Donald Rasmussen na garin Beckley. A tarukansu sukan ɗaga busasshen huhun mamaci a gaban jama'a, kowa ya ga abin da ke ƙirjinsa. Rasmussen shi ne mai sanyin cikinsu, kuma a ganina aikinsa ya fi nauyi. Yakan sa mahaƙi ya motsa jiki sannan ya auna iskar da ke cikin jininsa, ya nuna cewa mutum na iya kasa numfashi ƙwarai alhali hoton ƙirjinsa bai nuna abin a zo a gani ba. Wannan ya taɓa jijiyar shari'a, domin da hoton ƙirji ake korar masu neman diyya.

Mahaƙa suka kafa Ƙungiyar Baƙin Huhu tasu, ba da yardar shugabanninsu ba. A tsakiyar Fabrairun 1969 aka ajiye aiki a wani rami a gundumar Raleigh, cikin 'yan kwanaki yajin ya game jihar. Fiye da mutum 40,000 suka zauna a gida har kwana 23, ba don ƙarin albashi ba, kuma ba kamfani suke jira ba. Majalisar jiha suke jira ta yi doka. Suka cika birnin Charleston da hulunan aikinsu, suka ce ba mai komawa rami sai gwamna ya sa hannu. A watan Maris gwamna Arch Moore ya sa hannu. Dokar jihar ta fito da rauni, amma an riga an fasa ƙwai. Ɗan majalisar tarayya Ken Hechler da zawarawan Farmington suka kai maganar Washinton, kuma ranar 30 ga Disamba, 1969, shugaba Nixon, wanda ya yi ta jan ƙafa saboda tsadar diyyar, ya sa hannu a kan dokar lafiya da kariyar mahaƙan kwal. Ta ƙayyade ƙurar da aka yarda da ita a iskar rami, miligiram 3 a kowace mita mai kusurwa shida, daga baya a sauko zuwa 2, ta kuma kafa tsarin diyya. Washegari da dare aka shiga gidan Joseph Yablonski, wanda ya kara da Boyle a zaɓen ƙungiya, aka harbe shi da matarsa da 'yarsa. A 1974 kotu ta samu Boyle da laifin kitsa kisan. Na kawo wannan ne don mai karatu ya san irin yanayin da aka haifi dokar a ciki.

To, wa zai biya? Masu dokar sun ɗauka abin na ɗan lokaci ne. Lissafinsu shi ne: gwamnati ta biya tsofaffin da suka riga suka kamu daga baitulmali, jihohi su gyara dokokin diyyarsu, ƙura ta ragu, cutar ta ƙare da kanta. Ko ɗaya bai tafi yadda aka zata ba. Masu nema suka yi tururuwa, dubu ɗaruruwa, jihohi kuma ba su gyara komai da ya isa ba. Daga 1973 sababbin buƙatu suka koma hannun ma'aikatar ƙwadago, da sharaɗin cewa kamfanin da mahaƙi ya yi wa aiki na ƙarshe shi zai biya. Kamfanoni suka garzaya kotu suna cewa ba a kama mutum da dokar da aka yi bayan ya sallami ma'aikaci. A 1976 Kotun Ƙoli ta ce ana kamawa. Amma ko da hukuncin, matsala ta rage: mahaƙin da ya bar aiki tun 1955, kamfaninsa ya rufe, masu shi sun mutu ko sun canza suna, wa zai riƙe? Yawanci baitulmali ne ya ci gaba da biya, wato talakan da bai taɓa sayar da ko tsinken kwal ba.

Amsar da Majalisar Dokoki ta bayar ita ce dokar harajin da shugaba Carter ya sa wa hannu a farkon 1978. Hujjarta mai sauƙi ce, kuma ni na yarda da ita: in ba a samu kamfanin da ya jawo cutar ba, to sana'ar gaba ɗaya ta ɗauki nauyi, kuɗin ya shiga farashin kwal, wanda ya ci moriyar wutar lantarki da ƙarfe ya biya nasa kason. Aka sa sent 50 a kan tan na rami, sent 25 a kan na fili, kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari na farashin sayarwa. Asusun zai biya waɗanda suka bar aiki kafin 1970, da waɗanda ba a samu kamfanin da za a kama ba, ya kuma riƙa biyan wucin gadi yayin da kamfani ke jayayya a kotu.

Sai dai a daidai lokacin aka yi wata dokar da ta sassauta sharuɗɗan samun diyya, ta kuma ce a sake duba buƙatun da aka taɓa ƙi. An faɗaɗa bakin tulu, ba a ƙara ruwan rijiya ba. Tun 1979 asusun ya fara cin bashi daga baitulmali, kuma a lokacin kuɗin ruwa a Amurka ya yi tashin da ba a saba gani ba. Kafin 1981 ta ƙare bashin ya haura dala biliyan ɗaya. Gwamnatin Reagan ta zo da gyara mai baki biyu. Ta ninka harajin zuwa dala ɗaya da sent 50. A ɗaya hannun ta soke wasu ƙa'idoji da ke sauƙaƙa wa mahaƙi, ciki har da wadda ta ce in mutum ya yi shekara 15 a rami kuma numfashinsa ya naƙasa, a ɗauka ƙura ce sai in kamfani ya kawo hujjar akasin haka. An kuma kwashe wasu tsofaffin buƙatu daga wuyan kamfanoni aka ɗora wa asusun. Mahaƙa sun yi zanga-zanga a Washinton a watan Maris na shekarar, bai hana ba. A shekarun da suka biyo baya, waɗanda ake amince wa buƙatarsu ba su kai goma cikin ɗari ba.

Nan ne karin maganar nan ta rijiya ta bayar guga ya hana ta dace. Doka ta ce a biya, amma hanyar karɓa ta zama shari'ar shekaru. Kamfani yana da lauyoyi da likitocin da yake biya. Lauyan mahaƙi kuwa ba ya ganin ko kwabo sai an yi nasara ta ƙarshe, shi ya sa kaɗan ne ke karɓar irin wannan ƙara. Da yawa sun mutu ana ɗaukaka ƙara, wasu sai bayan an buɗe gawa aka ga abin da aka ce babu. A 2013 wani binciken 'yan jarida ya gano cewa shugaban sashen karanta hotunan ƙirji a asibitin jami'ar Johns Hopkins ya duba shari'o'i sama da 1,500 tun shekarar 2000, bai taɓa ganin cutar mai tsanani ko sau ɗaya ba. Asibitin ya dakatar da sashen. Ita kuwa ƙa'idar shekara 15 sai a 2010 aka maido ta, a cikin dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama, bisa ƙoƙarin sanata Robert Byrd na Bajiniya ta Yamma.

A 1986 aka ƙara harajin zuwa dala 1.10 da sent 55, da iyakar kashi 4.4 cikin ɗari, aka kuma yafe wa asusun kuɗin ruwa na shekara biyar. Wannan adadi shi ne har yau. Ba a ɗaure shi da hauhawar farashi ba, alhali abin da dala ɗaya ke saya a 1986 yanzu sai kusan uku. Sannan a 1998 wata kotun tarayya a Bajiniya ta yanke cewa ba a karɓar harajin a kan kwal ɗin da za a fitar waje, domin tsarin mulkin Amurka ya hana ɗora haraji a kan kayan fitarwa. An rubuta wannan sharaɗi ne a 1787 don kwantar da hankalin jihohin kudu masu fitar da taba da shinkafa. Bayan ƙarni biyu sai ga shi yana kare kamfanonin kwal. Abin takaicin shi ne, kwal ɗin narka ƙarfe da aka fi fitarwa, kuma mafi tsada, yawancinsa daga tsaunukan Afalaciya yake fitowa, inda cutar ta fi kamari. A 2023 an fitar da kimanin tan miliyan 100 daga cikin kusan 580 da aka haƙo, ko sent ɗaya bai shiga asusun daga gare su ba.

Zuwa 2008 bashin ya kai kusan dala biliyan 10. A cikin dokar ceto bankuna ta wannan shekara aka cusa wani sashe da ya yafe kimanin biliyan 6.5, aka sake tsara sauran, aka kuma ce harajin zai koma sent 50 da 25 a ƙarshen 2018, bisa zaton cewa kafin nan an kusa biya. Masu kamfanoni suna da hujjar da ya kamata a saurara. Suna cewa harajin ya ishi biyan marasa lafiya, kuɗin ruwan tsohon bashi ne ke cinye shi. Alƙaluma sun goyi bayansu a wannan gaɓar: a 2017 asusun ya samu kimanin dala miliyan 450, ya biya diyya ta kimanin miliyan 184 ga mutane wajen 25,000. Suna kuma cewa jihar Wayomin, wadda ke haƙo kusan kashi 40 cikin ɗari na kwal ɗin ƙasar daga fili, tana biyan kuɗin cutar da ta fi yawa a wani yanki. Na ji wannan. Amma bashin ai na diyyar da aka riga aka biya mahaƙan kwal ne a lokacin da harajin ya gaza, kuma yafe shi yana nufin mai biyan haraji na gari ya sake ɗauka.

Hujjar tasu ta ƙara yin rauni da abin da ya faru bayan haka. Doka ta yarda manyan kamfanoni su zama inshorar kansu, su ajiye jingina a hannun ma'aikatar ƙwadago. Tsakanin 2014 da 2016 uku daga cikinsu suka karye: James River, da Patriot, da Alpha Natural Resources. Ofishin binciken kuɗi na Majalisar Dokoki, GAO, ya lissafa cewa sun bar wa asusun nauyin diyya na dala miliyan 865, alhali jinginar da suka ajiye ba ta wuce miliyan 27 da 'yan kai ba. Kotun karyewar jari takan wanke bashi, ramukan su koma hannun sabon kamfani, wani lokaci da tsofaffin shugabanni, marasa lafiya kuma su koma wuyan asusun da aka kafa don marayun kamfanonin da suka ɓace tun da daɗewa.

Ranar 1 ga Janairu, 2019, wa'adin ya cika, harajin ya faɗi da kashi 55 cikin ɗari, duk da cewa GAO ya yi gargaɗi a 2018 cewa in haka ta faru bashin na iya haura biliyan 15 kafin 2050. A watan Yulin shekarar mahaƙa fiye da ɗari suka hau motoci daga Afalaciya zuwa Washinton, wasu suna jan tukwanen iskar numfashi, don su ga shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa, Mitch McConnell, ɗan jihar Kentaki. Ya ba su 'yan mintuna. Aka maido da harajin na shekara ɗaya a 2020, aka ƙara wata a 2021, ya sake faɗuwa a Janairun 2022. Sai a watan Agustan 2022, cikin babbar dokar yanayi da haraji da shugaba Biden ya sa wa hannu, wadda ba ta wuce ba sai da yardar sanata Joe Manchin, aka mai da dala 1.10 da sent 55 na dindindin.

Dindindin ɗin a kan tan yake, tan kuwa raguwa yake yi. A 2008 Amurka ta haƙo tan biliyan 1.17, a 2023 rabin haka. Tashoshin wuta suna komawa gas da iska da rana. Wannan shi ne aibin da aka aro daga asusun 1946: kuɗin jinyar wanda kwal ya naƙasa jiya ya dogara da yawan kwal ɗin da wani zai haƙo gobe.

Ita kuwa cutar da aka zata za ta ƙare ta dawo. Bayan ta ragu sosai daga 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1990, sai ta juyo. Binciken hukumar lafiyar ma'aikata ta NIOSH a 2018 ya nuna cewa a tsakiyar Afalaciya, cikin mahaƙa biyar da suka yi shekara 25 ko fiye a rami, ɗaya na ɗauke da ita. Wasu ƙananan asibitoci uku a kudu maso yammacin Bajiniya sun ƙirga mutum 416 masu nau'inta mai tsanani tsakanin 2013 da 2017. Dalilin yana cikin dutse. An cinye shimfiɗun kwal masu kauri, saura sirara, don haka injin yakan gurza dutsen sama da na ƙasa kafin ya kwaso kwal, ƙurar dutsen mai silika kuwa ta fi ta kwal dafi nesa ba kusa ba. Shi ya sa yanzu ake samun 'yan shekara talatin da arba'in a layin dashen huhu, masu 'ya'ya ƙanana, waɗanda za su daɗe suna buƙatar magani mai tsada. Diyyar wata-wata an ɗaure ta da kashi 37.5 cikin ɗari na albashin ɗaya daga cikin mafi ƙanƙantan matakan ma'aikatan gwamnatin tarayya. A 2024 mahaƙin da ba shi da kowa a wuyansa yana karɓar kimanin dala 770 a wata, mai mata da 'ya'ya biyu ko fiye kuma ninkin haka.